Shekarar Da Hannun Babanmu Ya Daina Jin Wuta

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda a lokacinsu na ɗauka ba za su taɓa fita raina ba, sai ga shi yau in an tuna mini da su sai na yi lalube kafin in gano su. Amma shekarar da hannun mahaifinmu ya mutu alhali shi yana raye, wannan kam ba zan manta da ita ba har ranar da ƙasa za ta rufe idona.

Mu mutanen Zurmi ne. Babanmu malamin zaure ne, yana karantarwa, yana rubuta Alƙur'ani da ka, kuma ana kawo masa marasa lafiya ya yi musu tofi da rubutun sha. Rubutunsa sananne ne a garin, ko daga nesa ka hango allo za ka ce wannan hannun Malam ne. Ni ce 'yarsa ta fari, an yi mini aure a Ƙauran Namoda, kuma a shekarar da nake ba da labari na dawo gida wankan jego na haihuwata ta fari. Shi ya sa komai a kan idona ya faru.

Lokacin ne rugage suka fara watsewa saboda 'yan bindiga. Wata rana da hantsi aka kawo wata Bafulatana daga wata ruga da ke bayan Moriki, 'yan'uwanta maza biyu suka ɗauko ta a kan babur. Suka ce tun ranar da aka kore musu shanu aka kashe mijinta a gabanta ba ta ƙara furta ko kalma ɗaya ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Ina zaune bakin ƙofar ɗakin Inna, wato mahaifiyarmu, jaririyata na kan cinyata, ina kallonta. Doguwa ce, ta rame sosai, idanunta a buɗe amma ba ta ƙiftawa. Ƙuda ya sauka a gefen idonta ya yi ta yawo, ba ta kore shi ba.

Baba ya zauna ɗan nesa da ita ya yi karatu mai tsawo, ya tofa a ƙoƙon ruwa, ya miƙa mata. Ba ta karɓi ƙoƙon ba. Wuyan hannunsa na dama ta cafke. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne ba fuskarsa take kallo ba, hannun take kallo, tana juya shi a hankali kamar mai duba kaya a kasuwa, tana bin bayansa da babban yatsanta. Can sai ta yi magana, da wata murya mai kauri wadda ba ta yi kama da jikinta ba.

"Wanga namu na."

Ta ƙara da wata magana da Fillanci. Baba ya tambayi 'yan'uwanta abin da ta ce, suka dubi juna, babban ya ce shirme ne kawai irin na mara lafiya, suka ƙi fassarawa. Baba bai katse karatunsa ba, ya zare hannunsa a hankali. Farcenta ya bar masa sawu, ɗaya har yana tsattsafo da jini, amma da Inna ta kawo ruwa ya ce ta bari, ko zafi babu. Matar ta yi barci mai nauyi, ta tashi ta sha fura, bayan 'yan kwanaki aka tafi da ita tana magana kamar kowa. Muka yi hamdala, muka ɗauka an gama.

Ban kai ga yin arba'in ba abin ya fito. Ran nan bayan Azahar Baba yana dafa tawada a ƙofar turakarsa, kaskon garwashi na gefen buzunsa, littafi na kan cinyarsa. Ina shan kunun kanwa sai na ji wani ƙauri, irin na nama in ya faɗa wuta. Na tambayi Inna ko ta ɗora wani abu, ta ce wane abu da rana tsaka. Na tashi na bi ƙaurin har inda Baba yake. Na same shi yana karatunsa, leɓɓansa na motsi, fuskarsa a sake. Ya dogara hannun dama a ƙasa, gefen ƙaramin yatsansa na kan wani garwashi da ya gangaro daga kasko, siririn hayaƙi na tashi daga wurin. Na ce, "Baba, hannunka."

Ya ɗago kai ya tambaye ni mi ya samu hannunsa, sannan ya duba. Da ya ɗaga shi, garwashin ya ɗan manne kafin ya faɗi. Ya tsura wa ƙunar ido kamar wanda ya tsinci wani abu a hanya bai san mai shi ba. Ya danna wurin da yatsan hagu, ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya ce, "Wallahi ban ji komi ba." Inna da ta biyo ni sai na ga ta waiwaya ta dubi wurin da aka shimfiɗa wa matar nan tabarma. Ni ma can hankalina ya tafi. Babu wanda ya ambace ta a cikinmu, amma ranar kowa da ita ya wuni.

Daga nan abin ya riƙa ci a hankali. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka fara lanƙwashewa kamar ƙafar shaho. Naman bayan hannun ya zube, ƙasusuwa suka fito kunya-kunya. Alƙalami ya riƙa suɓuce masa, rubutun nan da ake ganewa daga nesa ya koma karkatacce, har wata rana ya gama allo ya dube shi ya ce shi bai san wanda ya rubuta wannan ba. Wani lokaci ya ce yana jin kamar kiyashi na tafiya a cikin hannun, wani lokaci kuma wani abu ya fizge shi daga gwiwar hannu kamar wutar lantarki. Ya taɓa gaya wa Inna cewa ya kwanta ƙailula, ya farka ya ji hannun wani mai sanyi a kan ƙirjinsa, ya kama shi zai jefar, sai ya ga nasa ne. Tun daga ranar ya daina cewa hannuna. Sai dai ya ce baƙon ga.

Kada a ce maganar kuturta ba ta zo ranmu ba. Ta zo wa Inna. Ta sa shi ya tuɓe riga a rana, ta duba bayansa da ƙirjinsa da damatsansa, ta sa ya duba sauran jikinsa da kansa. Fata lafiya lau, ko ɗigon tabo babu. Kowa kuwa ya san da tabo kuturta ke fara sallama. Sai muka yi ajiyar zuciya muka rufe wannan ƙofar, muka bar ɗaya a buɗe. Cikin gari ma ita aka bari. Aka ce abin da Malam ya fitar daga jikin Bafulatana ne bai samu wurin zuwa ba ya shige hannunsa. Masu zuwa karɓar rubutu suka ragu. Wata mata ta aiko a tambaya da wane hannu aka yi mata nata rubutun, da aka ce da dama, sai ta ce a bar shi tukuna.

Maigidana ne ya ce bari a nemo 'yan'uwan matar a matsa musu su faɗi abin da ta ce da Fillanci. Ya samu wani da ya san dajin bayan Moriki suka tafi. Suka tarar da rugar ba kowa. Bukkoki na tsaye, ƙorai na kife a inda aka saba kife su, igiyoyin maruƙa na ɗaure a turakunsu, amma ko kare babu. Waɗanda suka tambaya a hanya wasu suka ce sun tsallaka Nijar, wasu suka ce ba su taɓa jin labarinsu ba. Maigidana ya dawo jikinsa a sanyaye, ya ce tun da yake bai taɓa jin shiru irin na wurin nan ba.

Daga nan Baba ya tafi Shinkafi wurin wani amininsa malami da suka yi karatu tare tun suna samari. Ranar kasuwa ya bi, don ranar ce motoci ke tafiya a jere. Ya yi kwanaki can ana karatu, ana hayaƙi, ana shafa masa magani. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, bai riƙe shi da ƙarya ba. Ya ce masa duk abin da ya sani ya yi, kuma in da abin da suke zato ne, da ya motsa ko ya yi magana. "Wanga abu kurma na, Malam," in ji shi. "Ka kai shi asibiti su ma su yi nasu."

Lokacin na riga na koma ɗakina a Ƙaura, don haka wurinmu ya sauka. A asibiti aka auna suga, aka auna hawan jini, aka ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Daga ƙarshe aka tura mu wani ɗaki can ƙarshen gini. Sai da muka isa ƙofar muka ji cewa nan ake duba masu tarin fuka da masu kuturta. Baba ya ja ya tsaya. Na ɗauka juyawa zai yi, amma ya yi bisimilla ya shiga.

Jami'in da ke wurin dattijo ne mai sanyin magana. Ya sa Baba ya rufe ido, ya riƙa taɓa shi da auduga yana cewa ya nuna inda aka taɓa. Ko'ina ya nuna daidai, ban da gefen hannun nan. Ya duba fatarsa sarai bai ga tabo ba. Ya ɗan tsaga fatar kunnensa ya kankaro aka auna, ba a ga komai ba. Sai ya kama gwiwar hannun Baba ya sa yatsa a bayan ƙashin ya murza. Baba ya zabura har hularsa ta goce. Wannan ne karo na farko cikin watanni da na ga hannun nan ya ji zafi.

Jami'in ya ce in zo in taɓa da kaina. Ya fara ɗora yatsana a gwiwar hagu, da ƙyar na ji wani abu siriri kamar zare. Ya mayar da shi a ta dama. Abin da na ji kauri gare shi kamar alƙalami, da tauri, yana mirginawa ƙarƙashin fata kamar wani abu ne ya shiga ya kwanta. Ban san lokacin da na janye hannuna ba. Ya ce mana wannan jijiya ce, ba ta jini ba, irin wadda ke kai saƙon ji da motsi zuwa yatsu, kuma kumbura ta yi. Ya ce akwai wata irin kuturta da ba ta fitowa a fata ko kaɗan, cikin jijiya take zama tana ci, kuma ita yake zato. Ya so a fara magani.

Baba ya girgiza kai. Ya ce shi ya ga kutare tun yana yaro, bai taɓa ganin kuturu mai fata irin tasa ba, kuma ga shi an auna kunne ba a ga komai ba. "Ba ni amsa sunan ga bisa zato," ya ce. "In kun gani da ido, ku nuna min." Jami'in bai yi gardama ba. Ya ce to hanya ɗaya ta rage, a leƙa cikin jijiyar kanta, kuma sai a babban asibiti a Sakkwato ake yi.

Ni da maigidana muka kai shi. Likitan da ya gan mu sa'an ƙanen Baba ne, kuma ya zauna ya yi masa bayani kamar yana gaban malaminsa. Ya ce shi ma zatonsa ɗaya da na jami'in Ƙaura, amma akwai wasu cututtukan da kan kumbura jijiya haka, kuma tunda fata ta ƙi ba da shaida, jijiyar za a tambaya. Ba babbar ta gwiwa za su taɓa ba. Akwai wani ɗan reshe a bayan hannu, kusa da wuyan hannu, wanda aikinsa ji ne kawai ba motsi ba, kuma wurin da yake ciyarwa ya riga ya mutu. Daga shi za su yanki ɗan guntu, su yayyanka shi ya fi bawon albasa sirantaka, su rina shi, su duba a madubin da ke nuna ƙwayoyin cuta.

Tambaya biyu Baba ya yi. Ta farko, in an gama da guntun, za a binne shi ko yar da shi za a yi, don shi ma ɓangaren ɗan Adam ne. Likitan ya ce ba a wulaƙanta shi, adana shi ake yi. Ta biyu, in sun duba ba su ga komai ba fa? Likitan ya ce hakan na faruwa, kuma in ya faru ba zai ɓoye masa ba. Baba ya ce, "To ku yanka. In ba ku gani ba, ni na san mai shi."

Ba a sa shi barci ba, allurar kashe zafi kawai aka yi a wurin, ko da yake ya ce musu kada su ɓata maganinsu a kan abin da wuta ma ba ta tayar ba. Ina zaune a waje wata ma'aikaciya ta fito da 'yar kwalba, na roƙe ta ta nuna mini. Wani ɗan farin abu ne kamar guntun zare, bai kai gaɓar yatsa ba, yana lilo a cikin ruwa. Na yi ta kallonsa ina tunanin wai duk tashin hankalin gidanmu a cikin wannan yake. Da Baba ya fito ya ce yana jin ƙarar almakashi sarai, amma kamar rigar wani ake yankawa a ɗaki na gaba.

Aka ce mu koma gida sai an kira mu. Cikin wannan jiran ne abin da ya fi firgita ni ya faru. Wata rana Baba ya dawo daga sallar La'asar a masallacin unguwarmu ta Ƙaura, ya yi sallama ya shigo. Na dubi ƙafarsa na ga takalmi ɗaya ne, na hagu babu. Na tambaye shi ina ɗayan, ya sunkuya ya duba, shi ma sai lokacin ya sani. A bayansa kuwa, tun daga zaure har inda yake tsaye, ga ɗigon jini nan a jere a ƙasa. Ƙaya ce ta shige tafin ƙafar, ya tako ta tun daga hanya. Ya zauna a bakin rijiya ina cire masa, yana kallona kamar ƙafar wani nake riƙe da ita. Can ya ce a hankali, "Ya ƙetara." Ranar na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, don na ga abin ba a hannu zai tsaya ba.

Da kira ya zo muka koma Sakkwato. Likitan bai fara da magana ba. Ya kai mu wani ɗaki, ya daidaita madubin, ya ce Baba ya ce a nuna masa, to ga shi. Baba ya cire tabarau ya kafa ido. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana duban ƙananan wasula, ya jima sosai bai ɗago ba. Ni ma aka ce in duba. Fili ne shuɗi-shuɗi, a cikinsa ga wasu 'yan jajayen sanduna ƙanana, kamar an kakkarya tsinken tsintsiya an watsa, wasu ɗai-ɗai, wasu a dunƙule. Likitan ya ce su ne ƙwayoyin kuturta, a cikin jijiyar suka yi gida.

Baba ya tambaya tun yaushe suke ciki. Likitan ya ce ba wanda zai iya faɗin ranar, amma cuta ce mai tafiyar hawainiya, takan yi shekaru a jiki kafin ta nuna kanta, ba abin bana ba ne ko na bara. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe ta iske su ciki." Likitan bai san wa ake nufi ba, mu ma ba mu gaya masa ba. Ni dai har yau ban san abin da ya yi magana da bakin matar nan ba, ban kuma san me ta gani a hannun da mu da ke tare da shi ba mu gani ba. Na bar wa Allah saninsa.

Na ɗauka samun sunan ciwon zai kawo sauƙi, ashe wani sabon nauyi ne. Da muka gaya wa Inna, sai ta ce, "Da aljanin na, da ya fi min sauƙi." Ban ga laifinta ba. Wanda iska ta taɓa tausayinsa ake ji, kuturu kuwa gudunsa ake yi, har a gudi 'ya'yansa. Surukata ta aiko cewa kada a ƙara kai jaririya kusa da shi. Ba ta ma san shi da kansa ya riga ya daina ɗaukarta ba. Ya ware kofinsa da kwanonsa, in yarinyar ta rarrafo wurinsa sai ya kira ni in ɗauke ta, ya kau da kai. Wannan ya fi ƙunar garwashi ci mini rai.

Jami'in nan na Ƙaura ne ya warware mana. Ya duba mu duka ɗaya bayan ɗaya, har jaririyar, bai samu kowa da komai ba, ya ce mu riƙa zuwa ana dubawa lokaci-lokaci. Ya zauna da surukata ya yi mata bayani cewa da zarar an fara shan magani mutum ya daina yaɗa cutar, kuma jikin yawancin mutane ma ba ya karɓarta. Ba rana ɗaya ta sauko ba, amma ta sauko. Baba ya fara magani, aka haɗa masa da na sassauta kumburin jijiya. An gargaɗe shi cewa fitsarinsa zai yi ja, fatarsa kuma za ta yi duhu, haka kuwa aka yi. Da ya koma Zurmi mutane suka ga ya yi baƙi kamar gindin tukunya, sai surutu ya ƙaru, aka ce abin ya gama hannu ya hau fuska.

Wata rana bayan sallar La'asar ya miƙe a masallaci ya ce jama'a su ɗan dakata. Maigidana na wurin, shi ya ba ni labari. Ya ɗaga hannun sama kowa ya gani, ya ce ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuturta ce, ya gan ta da idonsa, yana shan magani, kuma likitoci sun ce ba ya shafa wa kowa. Ya ce wanda ya ga zai iya ci gaba da gaisawa da shi, bisimilla, wanda ba zai iya ba, ya yafe masa tun yanzu. Ladanin, wani tsoho da gani ya fara yi wa wuya, shi ya fara lalubowa ya kama hannun da hannu biyu. Wasu suka biyo shi. Wasu kuma suka sulale ta ƙofar baya, kuma cikinsu akwai waɗanda ba su ƙara taka zaurenmu ba.

Ya yi kusan shekara yana shan magani. Ƙafar, da yake an tare ta da wuri, ji ya dawo mata kusan duka. Fatarsa ta washe a hankali. Amma yatsun nan biyu ba su ƙara miƙewa ba, gefen hannun kuma bai ƙara jin komai ba har ƙarshen rayuwarsa. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce watannin da muka yi muna neman tabo a fata su ne suka tafi da su. Ya koma rubutu, yana naɗa tsumma a alƙalami don ya yi kauri, a hankali yake yi, kuma bai ƙara kyan da ba.

Kullum da safe sai ya jiƙa hannun da ƙafar a ruwa, ya shafa musu mai, ya juya su a rana yana duba ko akwai yanka ko ƙuna ko ƙaya. Yakan ce mai gadin gidan ya mutu, dole ido ya karɓi gadi. Ya kuma samu wata sabuwar ɗabi'a. Duk wanda aka kawo masa da mutuwar hannu ko ƙafa, zai yi masa addu'a kamar yadda ya saba, sannan ya ce miƙo gwiwar hannunka, ya lalubi bayan ƙashin. In ya ji abin da ya sani, sai ya ce a wuce da shi Ƙaura yau, kada a jira tabo. Na san wani makiyayi da aka tura haka, yana nan har yanzu da yatsunsa goma yana tatsar shanunsa.

Abin da wannan shekarar ta koya mini shi ne, ba duk ciwo ne ke buga ƙofa ba, kuma rashin ganin abu a fili ba shaidar babu shi ba ce. A yi addu'a, a kuma je a duba, kada tsoron sunan cuta ya sa a ba ta lokaci. Amma babban abin da na ɗauka ya fi wannan sauƙi. Da can ina cikin masu roƙon Allah ya raba su da jin zafi, ban san zafi rahama ba ne, shi ne ke ce maka janye tun kafin ka ƙone. Yanzu in ina yankan albasa wuƙa ta kama ni, na ji raɗaɗin ya tafi har ƙwaƙwalwa, kafin in nemi tsumma hamdala nake fara yi.